Ranar da Kusurwar Ɗaki Ta Ruga da Gudu

Mijin ƙanwata malami ne a sashen injiniya na kwalejin da nake karatu, kuma ya daɗe yana sanar da duk wanda ya tsaya saurarensa cewa duniya ba ta san shi ba tukuna. A gida Yaya yake kirana, har ya miƙo mini kujera. A aji kuwa ni ɗalibinsa ne, domin da furfurata na shiga karatu, shi ya sa yaran ajin suka laƙaba mini Kawu. Can sai ya dube ni ta saman tabarau kamar bai taɓa cin abinci a gidana ba. Ɗalibai suna kiransa Ba-Ta-Ɓata a bayan idonsa, kuma shi ya jawo wa kansa sunan, kamar yadda zan bayyana.

Wata gidauniya ta ba sashenmu aron wasu 'yan motoci masu tuƙa kansu, irin waɗanda ake kira mutum-mutumi, ko da yake ba su da kama da mutum ko kaɗan. Kowacce ba ta wuce kwalin takalmi girma ba, tana da tayoyi uku da ƙaramar kamara a goshi. Abin da ake koya mana da su shi ne yadda na'ura take sanin inda take a cikin ɗaki. Hanya biyu gare ta. Ta farko, ta riƙa ƙirga juyin tayoyinta, sai dai taya takan zame, kuskure ya yi ta taruwa. Ta biyu, ta dubi wasu katuna masu zanen baƙi da fari da ake liƙawa a gindin bango. Kowane kati da irin zanensa, kuma an riga an nuna mata a taswira inda kowanne yake. In ta ga kati ya ƙara girma, ta san ta matso. In ya ƙanƙance, ta san ta yi nisa. Duk hikimar ta rataya ne a kan abu guda, wato bango ba ya motsi.

Aron da sharaɗinsa. Gidauniyar za ta aiko da injiniyarta ta ga yadda muke aiki da motocin. In sun tashi daga bakin ƙofa suka isa gindin taga da kansu, an bar mana su ke nan. In suka kasa, akwai wata kwaleji da ke jira da hannu biyu. Mu 'yan ajin ƙarshe mun san cewa in aka kwashe su, darasin ya koma surutu a kan allo, kuma babu mai ɗaukar injiniyan da bai taɓa riƙe na'ura ba. Malam kuwa ko a jikinsa. Ya ce na'urar da ta bi ta hannunsa ba ta ɓata, ko a duhu, ko a kasuwa, ko a bayan duniya.

Shugaban Sashe, da ya ji baƙuwa na tafe, ya sa aka shafe ɗakin gwaji da sabon fenti fari tas. Sa'an nan ya kafa doka cewa duk wanda ya liƙa ko da fiffiken ƙuda a bangon nan zai gamu da shi. Hankalinmu ya tashi, domin ba bango, ba kati. Wata ɗaliba da muke kira Uwar Tambaya ta ba da shawarar a samo bulo a jera, a ɗaura katunan a jikinsu. Malam ya saurare ta cikin tausayi, irin sauraron da likita yake yi wa mara lafiyan da ya zo da nasa maganin.

Ya ce, "Bulo zai rubuta jarrabawa? Ni malami ne, ba magini ba. A ƙwaurinku za a ɗaura katunan. Ku ne bango, ku ne ginshiƙi, ku ne kusurwa. Wanda ya tsaya ya zama alama da jikinsa, har ya mutu ba zai manta darasin ba."

Ya ƙara da cewa babu wata jami'a a doron ƙasa da ta taɓa tunanin wannan dabara, kuma nan gaba kaɗan za a riƙa kiranta da sunansa. Uwar Tambaya ta ce ko akwai dalilin da ya sa ba su yi tunaninta ba? Ya ce akwai, ba su da shi.

A gidansa ya fara gwaji, ya kuma aiko a kira ni in zama shaida. Na tarar ya ɗaura wa 'ya'yansa katuna, ya jera su a tsakar gida, ya ɗaura wa mahaifiyarsa nata tana zaune a kujera tana tsintar ƙasa a shinkafa. Maƙwabta sun cika bakin ƙofa. Telan da ya ɗinka igiyoyin roba na katunan ya zo da kansa, yana tambaya ko sabuwar ƙungiyar ƙwallo za a kafa, domin shi bai taɓa ganin kariyar ƙwauri mai kusurwa huɗu ba. Malam ya yi jawabi, ya danna maɓallin tayar da mota. Motar ta taho cikin natsuwa har autan gidan ya hangi kyanwa. Yaro ya bi kyanwa, mota ta bi yaro, duka ukun suka shige ƙarƙashin gado, sai da aka ɗaga katifa kafin a raba su. Tsohuwa kaɗai ta riƙe matsayinta, ita ma don ba ta san an fara ba ne.

Ƙanwata ta fito daga kicin tana goge hannu, ta ce masa yaran da ya kasa tsayarwa a ɗauke su hoto, su ne zai tsayar su zama bango? Ya ce ta yi magana irin ta wanda bai karanci kimiyya ba. Yara ba su da maki a hannunsa, ɗalibai kuwa suna da shi. Ta juyo gare ni ta ce, "Yaya, kai ma za a ɗaura maka?" Na ce haka darasi ya tanada. Ta ce to in tafi da man zafi.

A ɗakin gwaji Malam ya auna wurin kowa da ma'auni, ya zagaye ƙafafunmu da alli, ya shigar da komai cikin taswira. Ni aka naɗa ginshiƙin tsakiya, wai don na fi kowa nauyin jiki da na shekaru. Kusurwar gabas ta faɗa wa wani mai ƙiba, mai sanyin hali, da ake kira Tulu saboda ba ya rabuwa da gorar ruwa. Matsaloli suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wani Dogo ƙwaurinsa ya wuce inda kamara take gani, aka sauko da katinsa idon sawu, ya zama sai ya naɗe wando kamar mai shiga rafi. Wani kuma ba ya iya tunani sai yana karkaɗa ƙafa, duk motar da ta dube shi sai ta kama makyarkyata. Wani ya yi atishawa, mota ta yi kwana ta nufi kwandon shara. Kowane kuskure Malam yana da sunansa da Turanci, kuma da ya ambaci sunan sai ya ɗauka ya warware shi.

Duk da haka, dole in faɗi gaskiya, a gwaji na ƙarshe motocin sun isa gindin taga. Mun riƙe numfashi, mun daskare kamar gumaka, suka wuce ta tsakaninmu lafiya. Malam ya zagaya ɗakin hannu a baya yana cewa tarihi ya ga abin da ya gani.

Ranar zuwan baƙuwa muka iso da sassafe, muka tarar Shugaba ya sa an wanke daɓen ɗakin, an goge shi da man ƙyalli har mutum yana ganin haɓarsa a ƙasa. Zanen alli ya tafi gaba ɗaya. Uwar Tambaya ta ce a ɗauko ma'auni a sake awo, akwai lokaci. Malam ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa, ya ce taswirar tana nan ciki, ma'auni na masu shakka ne. Ya riƙa kama mu a kafaɗa yana dasawa, wannan nan, wancan can. Na lura cewa da can taga tana dama da ni, yanzu kuwa ta koma bayana. Na ɗaga hannu cikin ladabi na sanar da shi. Ya ce ginshiƙi ba ya ganin taga. Uwar Tambaya ta sake tambaya game da santsin daɓen, tunda tayoyi za su riƙa zamewa. Ya ce wannan ma alheri ne, motocin za su daina dogara da ƙirgen taya, su dogara da mu kaɗai.

Ya raba mana lemon kwalba don mu sami ƙarfin tsayuwa, Tulu ya shanye nasa da na maƙwabcinsa, ya bi da ruwan gora. Daga nan Malam ya haramta fita, ya haramta zama, tunda babu alli da zai mayar da mutum wurinsa. Baƙuwa kuwa ta makara. Rana ta ɗaga, gwiwata ta fara yi mini magana, na ga Tulu yana haɗa gumi yana duban rufi kamar mai addu'a.

Da ta iso, sai ga dattijuwa ce 'yar siririya, mai magana a hankali, da jaka a kafaɗa. Shugaba yana biye da ita cikin baƙar kwat, da wasu malamai, da ɗaliban wasu azuzuwa da suka cika tagogi. Malam ya tarbe ta da jawabi mai tsawo, inda ya ambaci kansa sau da yawa, gidauniyar kuwa sau ɗaya. Ya nuna mata babban allon kwamfuta da aka rataya, wanda yake nuna taswirar ɗakin, da ɗigo-ɗigo masu nuna inda kowace mota take zaton take. Ta dubi ƙwaurinmu ɗaya bayan ɗaya, ta ce a fara.

Motocin suka taso. Da yake an dasa mu ba daidai ba, suka ɗan karkace, amma suna tafiya. Sai baƙuwar ta tako cikin fili don ta ga katin Dogo da kyau. To, yaran nan an yi musu tarbiyya a gidajensu. Babbar mace ta nufo su, sai na kusa da ita suka ja da baya don su ba ta hanya, sauran kuma suka juyo suka fuskance ta suna gaisuwa. A idon motocin, bangon kudu ya ja da baya, bangon arewa ya juya ƙeya. Wadda ta ga katinta ya ƙanƙance ta ɗauka ita ce ta zame baya, ta ƙara wuta don ta koma wurinta, ta daki Dogo a idon sawu. Dogo ya ɗaga ƙafa, bango ya tashi sama. Biyu suka kama juyi a wuri guda kamar masu neman abin da ya faɗi.

Malam ya ce da ƙarfi, "Bango ba ya gaisuwa!"

Jin haka kowa ya yi sauri ya koma inda yake zaton wurinsa ne, ɗakin ya sake sabon fasali. Wata mota ta zaɓe ni. Ta zo ta dungure ni a ƙwauri, ta ja da baya, ta sake zuwa, domin a lissafinta akwai hanya a daidai inda nake. Na cije, ban motsa ba. Baƙuwar ta dube ni da tausayi, ta ce wa Shugaba ai bai kamata a bar dattijo a tsaye haka ba, a kawo masa kujera. Malam ya shiga tsakani, ya ce ranki ya daɗe, wannan a yanzu ba dattijo ba ne, ginshiƙi ne. Uwar Tambaya, daga bangon yamma, ta ce kuma yayan matarsa ne. Baƙuwar ta dubi Malam, ta dube ni, ta ce lallai iyalin nan suna da haƙuri.

A nan ne Tulu ya kai iyaka. Ya ɗaga hannu, ba a kula shi ba. Ya ce, "Malam, don Allah." Malam ya ce kusurwa ba ta roƙo. Tulu ya ce, "Malam, kusurwar nan za ta zubo." Bai jira amsa ba, ya nufi ƙofa da ɗan saurin da mai irin halinsa yake iyawa, gwiwoyi a haɗe, katin ya juya ya koma bayan ƙafarsa.

Akwai motar da tun farko da katin Tulu take lissafi. Da ta ga kusurwar gabas tana ƙanƙancewa, sai ta yanke hukuncin cewa santsi ne yake janta baya, ta bi shi don ta tsaya a wurinta. Tulu ya waiwaya ya ga abu na biye da shi, ya ƙara sauri. Ita ma ta ƙara. Ya ruga, ta ruga. Suka fita ƙofa, suka miƙe baranda, ɗaliban da ke tagogi suka bi su da ihu da tafi, azuzuwa suka buɗe, malamai suka leƙo da alli a hannu. Muna ji daga nesa an buga ƙofar ban-ɗaki, sa'an nan wata 'yar ƙara mai maimaituwa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ƙofar ba ta kai ƙasa ba, motar tana hango katin ta ƙarƙashi, tana neman isa gare shi.

A cikin ɗaki kuwa rabin bangon ya tafi kallo. Motocin da suka rage, ɗaya ta shige ƙarƙashin kabad, ɗaya tana tura takalmin Shugaba, ɗaya ta fita ta bi wani mai kati zuwa matakala, sai da Uwar Tambaya ta yi tsalle ta cafke ta a bakin tudu. Ni da mai karkaɗa ƙafa kaɗai muka rage a tsaye, shi ma ƙafar tana aikinta.

Baƙuwar ta matsa gaban allon kwamfuta, ta nuna wani ɗigo da ya tsaya cik, ta tambayi Malam wace mota ce wannan. Ya duba lamba, ya ce ai ita ce mafi ƙwazo a cikinsu. Ta ce yanzu tana ina?

Ya ce, "Ga ta nan, ranki ya daɗe, a gaban kusurwar gabas. Ko taku ɗaya ba ta kauce ba."

Daidai lokacin muryar Tulu ta iso daga ƙarshen baranda, yana roƙon jama'a su zo su ɗauke masa wannan abu daga bakin ƙofa, yana son fitowa. Shugaba ya rufe ido. Malam bai girgiza ba. Ya gyara tabarau, ya bayyana cewa in aka duba da idon ilimi, motar tana gaban kusurwar gabas kamar yadda allo ya nuna, tunda kusurwar gabas tana ban-ɗaki. Na'urarsa ba ta ɓata ba, in ji shi, ɗakin ne ya ɓata.

Baƙuwar ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce ta yarda da shi ɗari bisa ɗari, motocin lafiyarsu ƙalau, sun yi duk abin da aka gina su su yi, kuma ta ji daɗin ganin haka. Malam ya fara murmushi yana duban Shugaba. Ta ci gaba da cewa na'urori masu biyayya irin waɗannan sun cancanci ɗakin da yake zama wuri ɗaya, kuma ta san inda akwai shi. Ta nemi a kawo kwalayen.

Mu muka saka su da hannunmu, kowacce a gurbinta. Uwar Tambaya tana naɗe wayoyi tana share hawaye da bayan hannu. Tulu ya dawo da tasa a rungume, ya ajiye ta, bai dubi kowa ba. Katunan ma aka kwance daga ƙwaurinmu aka haɗa da su. Da yamma ƙanwata ta aiko mini da man zafin da na ƙi ɗauka, tare da saƙon cewa mijinta ya shaida wa maƙwabta wai gidauniya ta ga dabararsa ta fi ƙarfin kwaleji ɗaya, shi ya sa aka tafi da motocin don a yaɗa ta.

Mako na gaba muka shiga aji jiki a sanyaye, muna zaton allo da surutu. Malam ya shigo da fara'a, da ƙyalle a hannu. Ya ce rashin motoci ba zai tsayar da darasi ba, domin wanda ya iya mayar da ɗalibi bango zai iya mayar da mutum mota, kuma shi da kansa zai fara. Zai ɗaure idonsa, ya tashi daga bayan aji, ya ƙirga takunsa kamar yadda na'ura take ƙirga juyin taya, ya isa allo, ya buga masa alamar kuros a tsakiya. Ya jera mu a gefe biyu. Ya ce abin da ya kashe mu rannan shi ne motsi da surutu, saboda haka duk wanda ya motsa ko ya yi tari, komai ya faru, ya faɗi darasin.

Ya ɗaure ido, ya ɗauki alli, ya juya sau biyu don ya nuna ƙwarewa, ya kama tafiya yana ƙirgawa a bayyane. Tun daga takun farko ya karkata hagu. Ya wuce Dogo, ya wuce ni, allo yana can damansa, shi kuwa ya miƙe sak zuwa ƙofa. A bakin ƙofar Shugaba ne tsaye cikin baƙar kwat ɗinsa, ya zo yi mana bayanin makomar darasin, ya tsaya yana kallon abin mamaki, baki a buɗe. Na so in yi magana, Allah ya sani, amma ina bukatar makin nan. Na saci kallon Uwar Tambaya, na ga a karo na farko tun da na san ta ba ta da tambaya.

Malam ya tsaya, ya miƙa hannu, ya taɓa abu mai faɗi, baƙi, wanda ba ya motsi. Ya ce, "Kun gani? Allo." Ya zana kuros babba, daga kafaɗa zuwa aljihu, ya koma ya ƙara masa kauri don na baya su gani.

Babu wanda ya motsa a cikinmu.